Bege a kan karin waƙar soyayya: abin da muka gani a bidiyon ɗalibanmu

 

'Yan uwa, da yawanku kun ga bidiyon da ɗaliban babban aji na islamiyyarmu suka yi a hutun da ya wuce, domin ya zaga wayoyi daga Yelwa har Rumde Ajiya kafin mu malamansu mu gan shi. Sun ɗauki karin wata waƙar soyayya ta fim ɗin Kano, suka cire baitocinta, suka zuba yabon Annabi (SAW) da Hausa da Fulatanci da ɗan Larabci, suka ɗauka da waya a bakin Binuwai. Wasu iyaye sun zo suna neman a kore su. Mun ce a dakata mu kalla tukuna, kuma mun kalla har sau uku.

Ɗora sabon abu a kan tsohuwar waƙa ba yaran nan suka fara ba. Ishiriniyar da muke rerawa a watan Maulidi ta Alfazazi ce, Ibn Muhib ya yi mata tahamisi. Nana Asma'u ta mayar da waƙoƙin mahaifinta Shehu Usmanu daga Fulatanci zuwa Hausa. A Kano ma, 'yan bandiri irin su Ushshaƙu Indiya sun daɗe suna ɗora bege a kan karin fina-finan Indiya, malamai kuma suka yi ta saɓani a kai. To amma mai tahamisi yana faɗin sunan mai asalin, yana bin ma'auninsa da ƙafiyarsa, kuma abin da yake ginawa a kai yabo ne tun farko. Yaranmu ba su ambaci mai karin ba ko a rubutun ƙarshe. Wannan haƙƙin mutum ne, ko da ba ma sauraron waƙarsa.

Inda bidiyon ya yi kyau, ya yi. Shigar kowa ta kamala ce, ba cakuɗar maza da mata, kuma hoton masu kwale-kwale da sanyin safiya ya fi mana wasu na ƙwararru. Baitocin Fulatancin su ne gwanin ban sha'awa, don yaron da ya tsara su ya bar karin ya bi harshen.

Larabcin ne ya sha wuya, kuma nan ne zuciyarmu ta sosu. Karin fim yana da wuraren da yake jan murya, shi kuwa Larabci tsawon wasali ma'ana ne. A amshin, an ja ƙarshen kalmar akbar har aka sa mata madda. Duk wanda ya karanta babin kabbarar harama ya san malamai sun yi kashedi a kan haka, domin da madda kalmar ta koma jam'in kabar, wato ganga. An kuma ja hamzar sunan Allah a wuri biyu, wanda ke mayar da magana tambaya. Yaran ba su nufi haka ba, mun sani. Amma wallahi laifin rabinsa namu ne: shekara huɗu muna ba su Ajurrumiyya, ba mu taɓa zaunar da su mun nuna musu yadda ake auna baiti ba. Da sun san aruli ko kaɗan, da kunnensu ya gaya musu wannan kalmar ba ta zauna a wannan gurbin.

Sai maganar karin kansa. Mun kunna wa wani dattijo da bai san fim ba, ya yi ta salati. Mun kunna wa samari uku 'yan lise, kafin a kai baiti na biyu ɗaya ya fara murmushi, leɓensa na bin kalmomin asali. Ga wanda ya san tsohuwar, ba ta fita daga kansa, sai yabon ya zama riga a jikin wata. Abin ya ƙaru da yadda suka kwaikwayi ɗaukar hoton ma: mai rerawa ya dafa ƙirji, ya leƙo daga bayan bishiya, ya rausaya kai, daidai yadda jarumin fim ke yi wa budurwa. Kai jama'a! Hassanu ɗan Sabitu ya yi waƙa a masallacin Madina a gaban Manzon Allah, bai ari salon kowa na wasa ba.

Kiɗan fiyano da suka sauke daga intanet kuwa, saɓanin malamai a kansa sananne ne, ba za mu warware shi a shafi ɗaya ba. A makarantarmu dai bandiri muka yarda da shi, sun kuma sani.

Ba za a kori kowa ba. Mun nemi su cire bidiyon daga WhatsApp, mun kuma roƙi duk wanda yake da shi ya daina turawa. Za su sake ɗauka da karin da suka ƙirƙiro da kansu, baitocin Fulatancin su zauna yadda suke. Darasin aruli zai fara ranar Alhamis bayan la'asar, iyayen da suke so su zo su zauna a baya.