Manajan da Ya Koma Aji don Ya Iya Titsiye Na'ura

Ina ganin ƙimar mutumin da ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin yana aiki a banki ko kamfani, ga muƙami ga iyali, sannan ya koma makaranta neman digirin digirgir a fannin gudanar da kasuwanci, wanda ake kira DBA. Yawanci bai ajiye aikinsa ba. Da rana yana ofis, da dare bayan yara sun kwanta ya jawo kwamfuta ya hau karatu, haka har shekara uku zuwa biyar. Abin da ya bambanta wannan digiri shi ne, matsalar da yake bincike a kanta daga wurin aikinsa ya ɗebo ta, kuma can zai mayar da maganin.

Babbar ribar da yake samu ita ce horon tambaya. Mutumin da ya saba in ya yi magana a ce masa "ranka ya daɗe, haka ne", yau ga shi gaban malamai yana kare kundinsa, ana ce masa: ina hujjarka? Mutum nawa ka tambaya, su wane ne ka tsallake? Wanda ya sha wannan matsa ya daina karɓar lamba don kawai ta zo da kwalliya.

Wannan horo ne ake ƙishirwarsa yanzu da kamfanoni ke rububin ƙirƙirarriyar basira. A ce dillalin manhaja ya zo ɗakin taro ya nuna cewa na'urarsa za ta tantance masu neman rance cikin daƙiƙa kaɗan. Kowa ya gyaɗa kai. Sai gwanin namu ya gyara zama ya ce: da bayanan su wa aka koyar da ita? In duk masu albashi ne, yaya za ta auna 'yar kasuwar da cinikinta na tsabar kuɗi ne da adashi? In ta hana mutum, wa zai yi masa bayanin dalili, kuma ƙofar wa zai buga? Daga nan ya sa a gwada ta a reshe ɗaya tukuna, a jera hukuncinta da na tsofaffin ma'aikata a ga inda suka saɓa, a kuma rubuta sunan jami'in da ke da ikon dakatar da ita. Ya san wace tambaya ce ta injiniya, wacce ce ta lauya, wacce kuma babu mai amsa ta sai shugaba. Ga shi kuma ya san harshen 'yan kwamitin gudanarwa, don haka yana iya nuna musu da alƙaluma cewa gaggawa asara ce.

Tambayoyin nan ba tsoro ne ya haife su ba, an ga abin da rashinsu ya jawo. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance masu neman aiki, saboda an koyar da ita da takardun shekara goma waɗanda yawancinsu na maza ne, sai ta riƙa rage wa mata maki. A ƙasar Holan abin ya fi muni: hukumar haraji ta yi amfani da tsarin da ke ɗaukar takardar zama ɗan wata ƙasa a matsayin alamar zamba, aka tuhumi dubban iyaye da cin kuɗin tallafin renon yara ba bisa haƙƙi ba, aka tilasta musu biya har wasu suka tsiyace. Gwamnatin ƙasar, ƙarƙashin Mark Rutte, ta yi murabus a kan haka a Janairun 2021. A duk biyun na'urar ta yi abin da aka koya mata ne. Mai tambaya aka rasa a lokacin da tambaya za ta yi amfani.

Dokoki ma sun fara biyo sawu. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki a Agustan 2024, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 kuwa ta ba mutum haƙƙin ƙin yarda na'ura ita kaɗai ta yanke hukuncin da zai taɓa rayuwarsa.

Masu kamfanoni, in kuna da irin wannan ma'aikaci, ku sassauta masa lokacin karatu, kuma ku zaunar da shi a teburin shawara tun kafin a sa hannu a kwangilar sayen manhaja.