Haukan Voulet da kibiyar Mangu: wani karatu na littafin Sarraounia

Duk shekara, in muka zo kan littafin Sarraounia na marigayi Abdoulaye Mamani, nakan fara da yi wa ɗalibaina tambaya guda: wa ya kashe kyaftin Voulet? Kafin in rufe baki hannuwa sun tashi, amsar kuma ba ta cika sakewa ba, wai Sarauniya Mangu ta Lugu ce. Ba haka aka yi ba. Sojojinsa baƙar fata ne suka harbe shi a watan Yuli na 1899, kusa da Maijirgi ta ƙasar Tasawa, wata uku bayan yaƙin Lugu, kuma da nisa ƙwarai daga Arewa. Ban taɓa ganin laifin yaran ba. Labari biyu aka gina a kan wannan al'amari, ɗaya a Faris, ɗaya a gida, kowanne da manufarsa, kuma na gida ne ya riga ni isa kunnensu.

Ga abin da ya tabbata. A 1898 gwamnatin Faransa ta tura ayarin yaƙi ƙarƙashin Paul Voulet da Julien Chanoine domin ya kai Tafkin Cadi. Ba a ba su guzuri isasshe ba, don haka tun farko an san cewa daga rumbun talaka za su ci. A Janairu 1899 suka kashe fiye da mutum ɗari a Sansane Hausa, bakin kogin Kwara. Ranar 16 ga Afirilu suka faɗa wa Lugu, inda maharban Azna suka tare su. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Wani hafsa mai suna Péteau, wanda Voulet ya kora, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun manya, aka aiko laftanar-kanar Klobb daga Tumbutu ya karɓi ragama. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori.

Daga nan farfaganda ta fara aiki. Jaridun Faris sun yi ta kururuwa, amma kukan nasu na Klobb ne: Bafaranshe ya kashe Bafaranshe mai girman muƙami. Sai aka samo wa laifin suna na likitanci, soudanite, wai wata cuta ce da zafin ranar Sudan da kaɗaici ke saka wa Bature har ya fita hayyacinsa. A duba gwanintar wannan kalma. Ta wanke gwamnatin da ta aiko ayarin, ta wanke rundunar soja da ke cikin tsaka mai wuya saboda shari'ar Dreyfus (mahaifin Chanoine janar ne, ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898), sannan ta juyo da laifin kan ƙasarmu: ashe ranarmu ce ta ɓata ƴaƴan mutane. Ba wanda ya tuna cewa Voulet ya riga ya ƙone wani sashe na Wagadugu tun 1896, aka kuma yaba masa. Da ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi majalisar dokoki ta yi bincike a 1900, aka ƙi. Ayarin kuwa bai tsaya ba. Ya ci Damagaram a ƙarshen Yuli, ya ci gaba ƙarƙashin Joalland da Meynier, ya haɗu da sauran ayarori biyu aka kashe Rabe a Kusuri a Afirilu 1900. An la'anci mahaukata biyu, an riƙe ƙasar da suka ciyo.

Wannan labarin ne Mamani ya tashi rusawa, kuma ya san aikin. An haife shi a Gudumariya a 1932, ya yi gwagwarmaya a jam'iyyar Sawaba, ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya sha ɗauri bayan dawowarsa gida. Mutumin da ya rayu haka ya san cewa ba a kayar da labari da tarin takardu kaɗai, sai da wani labari da ya fi shi daɗin faɗi. Littafin ya fito a 1980 da Faransanci. A ciki ya ɗauki wata mace da rahotannin Nasara suka ambata a ƴan layuka, ya yi mata ƙuruciya, ya yi mata uban riƙo mai suna Dawa wanda ya koya mata harbi da sanin itatuwa, ya sa ta a gaban mayaƙa. Med Hondo ya mai da littafin silima a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke ta, ta kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Daga baya sunan ya hau gidan rediyo da talabijin a Yamai. Ban san wani littafin ɗan Nijar da ya sake wa jama'a tunani kamar wannan ba, kuma babin da ke nuna tafiyar ayarin, da ƴan dako da matan da aka kamo ana jan su, har yau yana sa aji ya yi tsit.

To, amma malami ba maroƙi ba ne, dole in faɗi abin da ke damuna. A Lugu, Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da ake gado, kafin Mangu akwai wasu, bayanta ma an yi wasu, kuma aikinta na tsafi ne da roƙon ruwa da kare gari, a keɓe take zaune. Mamani ya mai da ita jarumar fagen fama irin wadda ƙasa mai neman tutar haɗin kai ke bukata. Wannan haƙƙin mai ƙaga labari ne, ban hana shi ba. Matsalar tana wajen abin da aka biya kafin a samu wannan jaruma. Don haskenta ya fito, sai da aka dusashe kowa: sarakunan Musulmi da malamansu suka fito a masu girman kai ko matsorata, maƙwabtanta na Arewa suka fito a masu haɗa baki da baƙo. Mutanen Ƙonni, waɗanda suka rufe ƙofofinsu suka mutu a kai, ba su samu rabin wurin da Lugu ta samu ba, alhali jininsu ne ya fi zuba. Yaron Ƙonni da ke ajina yakan fita da sunan Mangu a bakinsa, na kakanninsa kuwa babu.

Akwai abin da ya fi wannan, wanda na daɗe ban lura da shi ba. A littafin, tsoron Sarauniya ne ke bin ayarin bayan Lugu, yana cin zukatan sojoji, har komai ya wargaje. Jama'a suka ƙara gishiri, suka ce asirinta ne ya haukata Voulet. Sai ga shi mun dawo kan kalmar Faris. Su sun ce rana ta haukata shi, mu mun ce tsafi ya haukata shi, amma duka mun yarda mahaukaci ne. Mahaukaci kuwa ba a yi masa shari'a, ba a tambayar wanda ya ba shi bindiga da umarni. Gawawwakin Sansane Hausa sun riga Lugu da wata uku, ba tsafin da ya taɓa kowa a lokacin. Mutum ne mai cikakken hankali yake aiwatar da aikin da aka sa shi, ta hanyar da ya saba kuma aka taɓa saka masa da yabo a kanta. Ina jin Mamani ya san haka, domin ya nuna burin hafsoshin a fili, amma abin da mai karatu ke riƙewa shi ne sihirin, don ya fi daɗi a baki.

Ba ina cewa a cire littafin daga manhaja ba, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin al'adu masu shirya wasan kwaikwayo a kansa, a riƙa karanta shi tare da taswira da ranaku. Fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda ya bi sawun ayarin yana sauraron jikokin waɗanda abin ya shafa, yana da amfani a nan, tun da mutanen garuruwan ne ke magana da bakinsu. Ni dai yanzu nakan zana hanyar a allo, daga Sansane Hausa zuwa Lugu, Ƙonni, Ɗankori, Maijirgi, in sa kowane ɗalibi ya tambayo tsofaffin gidansu abin da suka ji. Bara wata yarinya ta dawo da labarin rijiyar da kakarta ta ce an daina shan ruwanta tun zamanin. Ta tambaye ni a wane babi abin yake, na ce mata ba ya ciki, ta rubuta shi da kanta ta kawo mini ranar Litinin.