Sharhi a kan littafin Özsu da Valduriez game da rarrababbun rumbunan bayanai

Edgar Codd na kamfanin IBM shi ne ya fito da tsarin ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna a shekarar 1970. Daga baya aka fuskanci wata matsala: yaya za a yi idan rumbun ba a na'ura ɗaya yake ba, an rarraba shi a garuruwa daban-daban? Littafin Tamer Özsu da Patrick Valduriez, Principles of Distributed Database Systems, wanda aka fara bugawa a 1991, bugu na huɗu kuma a 2020, yana cikin manyan littattafan da jami'o'i ke koyar da wannan fanni da su.

Marubutan sun ƙware wajen bayanin yadda ake yanka jadawali a tsaye ko a kwance, a ajiye kowane yanki inda aka fi bukatarsa. Sun kuma yi adalci ga yarjejeniya mai hawa biyu, inda na'urar da ke jagora ke tambayar sauran ko sun shirya kafin ta zartar da canji. Ba su ɓoye rauninta ba: in jagorar ta mutu bayan sauran sun amsa, sai su tsaya cik suna jira. Wanda ya san ɗaukewar wuta ba zai raina wannan babi ba.

Amma misalin da suka ɗora darussan a kai na kamfanin injiniyoyi ne, mai ayyuka a Montreal da New York da Paris, inda kowane ma'aikaci ke da lamba guda da babu gardama a kanta. Kalma ba haka take ba. A ce masu bincike a Zinder da Kano sun haɗa rumbun ƙamus guda. Na Zinder zai rubuta ƴaƴa, na Kano ya rubuta 'ya'ya, na'ura kuwa ta ɗauke su kalmomi biyu. Ita kanta alamar da ke gaban y tana da siffofi fiye da ɗaya a tsarin Unicode, ido ba ya cika bambanta su. Can kuma gari na zama da gari na tuwo, da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, za su haɗe su zama abu ɗaya.

Gaskiya ne littafin ya taɓo haɗa rumbunan da tsarinsu ya sha bamban, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga fasalin jadawalai, ba ga haruffan da ke cikinsu ba. Ɗalibi na iya kammala shi ba tare da ya tambayi inda ƙ za ta zauna a jerin baƙaƙe ba. Masu tsara aikin yaƙi da jahilci za su amfana da babukan rarrabawa, muddin an ba kowace kalma lambarta, an kuma daidaita rubutun kafin a soma zuba ta a rumbu.