Jinjina ga Masu Bin Sawun Ayyuka a Cikin Linux

Babbar kwamfutar kamfani takan ƙunshi ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu, kowace da rumbun bayananta a gefe. Idan aiki yana nan, bayanansa kuwa suna can ƙetare, sai tafiya ta yi nauyi. Masana na kiran wannan tsari NUMA.

A 2012 an kai ruwa rana kan maganin matsalar: Peter Zijlstra da nasa, Andrea Arcangeli da nasa. Mel Gorman ne ya aza harsashin da ya shiga Linux 3.8 a 2013, inda tsarin da kansa yake jawo bayanai kusa da aikin da ke amfani da su.

To, amma wa ke ganin hukuncin da yake yankewa? Nan gwanintar take. Sai aka dasa alamomi cikin sashen Linux mai rabon ayyuka, irin su sched_move_numa da sched_stick_numa, masu rubuta lokacin da aka matsar da aiki da lokacin da matsarwar ta faskara. Da ftrace, kayan bin sawu wanda Steven Rostedt ya shigar cikin Linux tun 2008, injiniya yakan bi layi bayan layi, kamar makiyayi mai bin sawun ɓatacciyar saniya. Ba kasafai ake tafa wa mutanen nan ba, alhali sun cancanta.