Ragar Durer da Matsalar Takarda Mai Rauni

A shekarar 1525 ne Albrecht Durer, shahararren mai zanen nan na birnin Nurembag a ƙasar Jamus, ya buga littafinsa na koyar da awo. Akwai wani hoto da bai shiga littafin ba sai a bugu na biyu, na 1538, shekara goma bayan rasuwarsa. Hoton ya nuna mai zane zaune a bakin tebur, an kafa katako mai kusurwa huɗu a gabansa kamar taga, an ɗaura wa katakon zare a tsaye da a kwance har ya zama raga, gida-gida tamkar dara. A bayan ragar wata mace ce kishingiɗe. Ga kuma wani ɗan sanda mai tsini da mai zanen ya saita idonsa a kai don kada ganinsa ya gusa. Takardar da ke ƙarƙashin hannunsa ita ma an ja mata layuka daidai da na ragar, watau abin da ido ya gani a gida na uku na zare, shi hannu zai sa a gida na uku na takarda.

Ba Durer ya ƙago dabarar ba. Alberti Ba'italiye ya yi bayanin irinta tun 1435, Misirawan dā kuwa da jan layi suke yin tasu a bangon kabari, gida goma sha takwas daga tafin ƙafar mutum zuwa goshinsa.

Ta fuskar koyarwa hoton ya cika, domin ko wanda bai iya karatu ba ya dube shi zai gane aikin. Sai dai kuma yana iya ruɗin ɗalibi, ya ɗauka kowace takarda za ta karɓi layukan nan lami lafiya. Bango yakan sha fenti layi ya ɓace, takarda ba ta da wannan gata. A zamanin Durer babu fensirin da aka sani yau, roba ta gogewa kuwa sai wajen 1770 ta bayyana a Ingila. Abin da ke hannun masu zane shi ne gawayi da baƙin alli da tawada da tsinken azurfa, wanda layinsa ba ya goguwa ta daɗi. Saboda haka takarda mai raga ta gwaji ce kurum, ba a kanta aiki yake ƙarewa ba. Hoton bai nuna wannan mataki ba, kuma a nan ne mai koyi yakan yi hasara: ya ja layuka a siririyar takarda, ya gama zane, ya zo gogewa fuskarta ta yi gashi-gashi ko ta yage. Ko fensirin ya fita, kwarmin da tsininsa ya yi yana nan, da an sa launin ruwa sai ya taru a ciki ya tona asiri.

Abin sha'awa, maganin yana cikin hoton kansa, domin zaren bai taɓa jikin matar ba, amma ya auna ta. Haka za a yi wa takarda. Idan shara-shara ce, sai a ja ragar da baƙar tawada a wata takarda dabam, a bari ta bushe sarai, a shimfiɗa ta a ƙarƙashi, layukan su riƙa bayyana ta ciki. In ba su fito sosai ba a kara su biyun a gilashin taga da rana. Idan kuwa ba a gani ta cikinta, sai a kifa mata katakon zare na biyu. Wannan na da nasa sharaɗin: in zaren ya yi nisa da fuskar takardar, duk sanda kai ya motsa sai gidajen su gusa, dole a koma ga ɗan sandan Durer na saita ido.