Karin Sauti da Muryoyi Huɗu: Nazari a kan Waƙoƙin Kwaya na Ephraim Amu

1.0 Gabatarwa

Waƙar kwaya ita ce wadda ƙungiyar mawaƙa ke rerawa bayan an raba su gida huɗu: muryar sama ta mata, muryar ƙasa ta mata, muryar sama ta maza da muryar ƙasa ta maza. Kowane gida yana da raujinsa, amma idan sun haɗu sai a ji sun dace. Turawan mishan ne suka kawo wannan tsari Afirka ta Yamma, kuma a yau ƙasar Gana tana cikin wuraren da ya fi kafuwa, inda ƙungiyoyi irin su Winneba Youth Choir da Harmonious Chorale suke rera waƙoƙi da harsunan gida. Wannan takarda za ta duba wata matsala guda da ta shafi ɗalibin harshe kai tsaye, wato abin da ke samun karin sauti idan aka ɗora kalmomi a kan muryoyi huɗu. Za a ɗauki misali daga ayyukan Ephraim Amu, domin a kan turbarsa mawaƙan kwaya na Gana suke tafiya har yanzu.

2.0 Ephraim Amu

An haifi Amu a Peki Avetile a 1899, ya rasu a 1995. Harshen Ewe ya tashi da shi, amma ya yi koyarwa a kwalejin horar da malamai ta Akropong, inda ake magana da Twi, wanda Hausawan zango ke kira Tonanci. A can ya dinga sauraron waƙoƙin gargajiya yana rubuta raujinsu, sannan ya fara tsara nasa baitocin cike da karin magana yana raba su ga muryoyi huɗu. A 1932 aka buga masa littafin waƙoƙi 25 na Twi a Landan. Ya samu saɓani da shugabannin majami'arsa saboda ya hau mumbari da tufafin gargajiya, sai ya koma Achimota a 1934, kuma a 1937 ya tafi Landan ya ƙaro ilimin kiɗa.

3.0 Inda Matsalar Take

Twi da Ewe harsuna ne masu karin sauti, kamar Hausa. A Twi kalmar papa tana nufin abu mai kyau idan gaɓoɓin biyu suka ɗauki sautin sama, tana nufin uba idan aka fara da sautin ƙasa aka ƙare da na sama, tana kuma nufin mafici idan duka biyun suka zauna a ƙasa. Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan. Wuya mai sautin sama-ƙasa shi ne na jiki, wuya mai ƙasa-sama kuwa ita ce wahala. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya.

Turanci da Jamusanci, waɗanda aka gina tsarin muryoyi huɗu a kansu, ba su da wannan damuwa, saboda haka rauji yana iya hawa ko sauka a kan kowace kalma ba tare da ma'ana ta gurɓata ba. Ƙa'idar haɗa muryoyi ta Turai ma ta fi son muryar ƙasa ta maza ta bi akasin hanyar muryar sama, wato idan waccan ta hau, wannan ta sauka. A nan ne gizo ke saƙar. A ɗauka mawaƙi ya yi iya ƙoƙarinsa, ya sa muryar sama ta mata ta fara ƙasa ta hau a kan kalmar wuya domin a ji wahala yake nufi. Idan ya bi ƙa'idar Turai, maza za su fara sama su sauka a kan wannan kalmar a daidai wannan lokacin. Ke nan mata suna zancen wahala, maza suna zancen abin da ake rataya wa sarƙa. Waƙoƙin ibada da mishan suka fassara sun fi haka muni, domin a cikinsu ko muryar sama ba ta bin karin sauti. An ɗauko rauji ne daga Turai aka cusa masa kalmomi gwargwadon yawan gaɓoɓi kawai.

4.0 Hanyoyin da Ya Bi

Hanya ta farko ita ce sa muryoyin su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, su hau tare su sauka tare, da tazara madaidaiciya a tsakaninsu. Wannan ba ƙirƙirarsa ba ce, domin al'ummar Akan sun daɗe suna rera amshinsu da muryoyi biyu masu tafiya a jere. Amfaninta a fili yake, kowace murya tana faɗin kalmar daidai. Illarta kuwa, idan waƙa ta yi tsawo kunne yakan gaji, muryoyin ƙasa kuma su zama inuwar ta sama kurum, ba su da abin cewa na kansu.

Hanya ta biyu, wadda ta fi fitowa a ayyukansa na baya-baya, ita ce hana muryoyin shigowa lokaci guda. Wata ta fara jimla, kafin ta dire wata ta ɗauka, kowace tana bin karin sautin kalmominta a nata lokacin. Masana kiɗa sun fi yaba wannan hanya, kuma lalle ta fi armashi. To amma ga ɗalibin harshe akwai abin dubawa. Idan gida huɗu suna furta gaɓoɓi huɗu mabambanta a cikin daƙiƙa guda, to an tsare karin sauti a kan takarda ne, mai sauraro kuwa kalmar ta ɓace masa. An gudu ne ba a tsira ba. Inda Amu ya fi dacewa shi ne wuraren da ya koma ga tsarin jagora da 'yan amshi, murya ɗaya ta faɗi magana a sarari, sauran su karɓa. Sai dai kuma wannan shi ne wurin da waƙar ta fi nisa da tsarin Turai, ta fi kusa da dandali.

Akwai wani abin lura game da waƙarsa da ta fi kowace shahara, wato Yen Ara Asaase Ni, wadda mutanen Gana ke ɗauka tamkar taken ƙasa na biyu. Da Ewe ya tsara ta a 1929, daga baya aka mayar da ita Twi, kuma da Twi ta yi suna. Rauji ɗaya ba zai iya bin karin sautin harsuna biyu gaɓa da gaɓa ba. Duk da haka masu jin Twi suna rera ta shekara da shekaru, ba su kuma ruɗe a kan abin da take cewa ba.

Wannan ya kawo mu ga wata suka da ta fi nauyi. Masanin kiɗa ɗan Gana, Kofi Agawu, wanda ya yi nazarin salon Amu a 1984, ya sake wani nazari a 1988 a kan waƙoƙin gargajiya na Ewe ta arewa, inda ya nuna cewa su kansu ba kullum suke bin karin sauti ba. Mawaƙin gargajiya yakan saɓa masa idan rauji ya bukata, musamman a ƙarshen layi, jama'a kuma su gane abin da ake nufi daga muhallin magana. Idan haka ne, to mai tsara kwaya da ya ɗaure kansa da ƙa'idar bin karin sauti a kowace gaɓa yana iya zama wanda ya fi mai kora shafawa. Amma bai kamata a yi saurin yanke wa Amu hukunci da wannan ba. Shi yana gyara ɓarnar waƙoƙin fassara ne, kuma mai warware tanƙwararren ƙarfe dole ya lanƙwasa shi ya wuce tsakiya. Bayan haka, saɓawar da ɗan harshe ke yi da sani daban take da wadda baƙon rauji ke jawowa, domin shi ya san kalmomin da za su jure da waɗanda za su karye.

5.0 Abin da Takarda ba ta Ɗauka

Ko da an warware batun karin sauti, akwai asarar da ba ta da magani. Waƙar baka ba ta da kammalallen matani. Jagora yana ƙari yana ragi gwargwadon wanda ke zaune a gabansa, kamar yadda Mamman Shata kan saƙa sabon ɗan waƙa nan take, 'yan amshi su riƙe masa gindin. A kwaya kuwa an rubuta kome, mawaƙa arba'in ko hamsin suna kallon hannun mutum ɗaya, wanda ya kauce daga rubutu ya yi kuskure. Waƙar gargajiyar da aka mayar ta kwaya takan tsira daga mantuwa, amma siga ɗaya tak ce ke tsira, kuma yaran makaranta sukan tashi suna zaton ita ce ta asali.

Wanda zai gwada wannan aiki da Hausa yana da ƙarin nauyi a kansa, domin ban da karin sauti akwai tsawon wasali, wanda a kansa aka gina karin rubutacciyar waƙa. A jimlar "ya zo" ta shuɗaɗɗen lokaci, lamirin yana da dogon wasali da sautin sama, a "ya zo" ta umarni kuwa gajere ne mai sautin ƙasa. Muryoyin ƙasa a kwaya sun saba jan gaɓa ɗaya su riƙe ta yayin da ta sama ke tafiya, kuma jan wannan gaɓa kaɗai ya isa ya mayar da umarni labari. Saboda haka ɗalibin da aka ba shi irin wannan waƙa ya nazarta, kada ya tsaya ga muryar sama. Ya rubuta matanin sau huɗu, ya sa wa kowace gaɓa alamar sautinta da tsawonta, sannan ya bi kowace murya ita kaɗai, ya fara da ta ƙasa ta maza.