A Hannun Wa Katin Yake? Nazarin Tallafin Nakasassu a Jihar Diffa

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, tun daga nan kuwa gudu ya zama dole ga mutanen bakin Komadugu. Cikin watan Mayun shekarar aka umarci mazauna tsibiran tafkin Chadi su tashi, da yawansu a ƙafa suka nufi Ngigmi cikin zafin bazara. Ranar 3 ga Yunin 2016 aka sake afka wa Bosso, dubban mutane suka watse, suka kafa bukkoki a gefen kwalta, a Kinjandi da Garin Wanzam da Ngagam. Kowa ya tashi ba da labarin waɗannan ranaku, gudu yake ambata. Ba a cika tambayar yadda gurgu ya yi ba, ko makahon da ɗan jagoransa ya ɓace masa cikin turmutsutsi, ko kurman da bai ji ƙarar bindiga ba sai da ya ga gari ya watse. Waɗanda suka tsira, a bayan wani suka iso, ko a kan jaki, ko cikin amalanke. Abin dubawa shi ne irin taimakon da suka tarar, da matsayin da ya ba su.

Ƙasar nan ba ta taɓa rasa tsarin kula da nakasassu ba, kuma bai kamata a raina shi ba. Akwai zakka, akwai sadakar Juma'a, akwai ƙwaryar tuwon da ake aika wa maƙwabci kowane dare ba tare da ya roƙa ba. A manyan garuruwan ƙasar Hausa nakasassu suna da sarautarsu: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, masu sasanta rigima, masu saukar da baƙo, masu kai kuka fada. Malamai kuma ba su gajiya da kawo tarihin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da ya yi ladanci, wanda Manzon Allah (SAW) ya sha bar wa riƙon Madina in zai fita. Sai dai wannan tsari yana da iyaka. Mai bayarwa ne ke da iko da lokaci da adadi, in kuwa ya ce "Allah ya ba da haƙuri", magana ta ƙare, babu inda za a kai ƙara. Kusa da tausayin kuma akwai wariya: unguwar Kara-Kara ta Damagaram wurin keɓe kutare ce tun asali.

Rikicin Diffa ya tona wata iyakar. Sadaka tana tsaye ne kan wadatar mai bayarwa. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015, aka hana hawan babur, aka takura cinikin tattasai da na bandar kifi, aka rufe wasu kasuwanni, sai masu ciyarwa na jiya suka shiga layin karɓar hatsi. Hanin babur kansa ba ɗaya ya faɗa wa mutane ba. Mai lafiya ya taka da ƙafa yana gunaguni. Wanda kabu-kabu ne ƙafarsa zuwa asibiti da kasuwa, shi zaman gida ya kama shi.

A kan takarda, Nijar ba ta baya. Tun ranar 2 ga Maris 1993 ta yi doka mai lamba 93-012 kan kare nakasassu, aka yi mata gyara a 2010, kuma dokokin ƙasar sun keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin nakasassu ranar 13 ga Disamban 2006, Nijar ta amince da ita a hukumance cikin Yunin 2008, sannan a Disamban 2019 ta ƙara da doka mai lamba 2019-62. Abin da yarjejeniyar ta kawo sabo shi ne inda ta aza laifi. A ganinta, shan inna ya taɓa ƙafar yarinya, amma matattakalar ƙofar aji da malamin da ya ce ta koma gida su ne suka hana ta karatu. Saboda haka aikin mai tallafi shi ne kawar da shingen, kuma yarinyar tana da ikon neman a kawar da shi ko da ba wanda ya ji tausayinta. Sashe na 11 ya ce wannan nauyi ba ya sauka a lokacin yaƙi ko bala'i. Ƙungiyoyin agaji ma sun ɗauki irin wannan alkawari a taron Istanbul na Mayun 2016, aka fitar musu da ƙa'idojin aiki a 2019.

To, yaya abin yake in aka sauko ƙasa? Farkon tuntuɓe ƙidaya ce. Ƙidayar Nijar ta 2012 ta ce nakasassu kashi 4.2 ne cikin ɗari, alhali rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2011 ya ƙiyasta kusan kashi 15 a duniya. Ba don mun fi sauran mutane lafiya ba ne. In ma'aikaci ya tsaya ƙofar gida ya tambayi maigida ko akwai nakasasshe a gidan, maigida zai tuna gurgu da makaho kawai. Ba zai ambaci gyatumarsa da yanar ido ta rufe wa gani ba, don a wurinsa tsufa ne. Ba zai ambaci 'yarsa mai farfaɗiya ba, don yana tsoron ta rasa miji. Shi ya sa masana ƙididdiga na rukunin Washington suka tsara tambayoyi shida da ba su ambaci nakasa ba sam: ko mutum yana samun wahalar gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abu, ko wanka da sa tufafi, ko fahimtar da wani magana. A jihar da ake jin Barbarci da Fulatanci da Budumanci da Tubanci da Larabci da Hausa, sai an fassara tambayoyin da kyau, an kuma yi su ga mutumin da kansa. Wanda bai shiga rajista ba, ba shi cikin kasafi.

Tuntuɓe na biyu ya fi muni, don ba a ganinsa. Rabon abinci a sansani layi ne da kati da buhu. Ana sanarwa da lasifika, kurma bai ji ba. Ana tsayuwa cikin rana har azahar, mai sanda ba zai iya ba. In an miƙa buhu, sai an sami mai ɗauka, mai ɗauka kuwa da ladansa, sau da yawa daga cikin buhun. Mafita mai sauƙi ita ce a rubuta wakili, ɗa ko ƙane ko miji, ya riƙe katin. Wannan yana rage wahala, ba shakka, kuma mafi yawan dangi masu amana ne. Amma a lura da abin da ya faru: rabon da aka rubuta da sunan mace makauniya ya koma hannun wani, ita kuma ta koma mai jiran abin da aka ga damar ba ta, a cikin abin da yake nata. Tsohuwar sadaka ce ta dawo da hatimin ƙungiya. Aikin da ya tsaya kan haƙƙi zai fara da tambayarta wa ta yarda ya karɓar mata, ya bar mata ikon sauya shi, ya koma daga baya ya ji daga bakinta ko kayan sun iso, ba a gaban wakilin ba. Akwatin koke da sai an rubuta takarda an jefa ba shi da amfani ga wadda ba ta gani.

Na ban-ɗaki kuwa, kunya ce ke rufe bakin mutane. Salgar gaggawa rami ce da ƙyauren kwano, ba abin dafawa, ba wurin zama. Mai jan gindi da hannuwansa zai shiga inda ɗaruruwan mutane suka taka. Wasu sukan rage ci da sha don kada su buƙaci zuwa, mata kuma su jira dare, da hatsarin da ke cikinsa. Gyaran ba ya cin kuɗi mai yawa in tun wurin gini aka yi shi: faɗaɗa ƙofa, sa ƙarfen dafawa, yin gangara maimakon matattakala.

Kayan taimako ma suna da nasu darasi. Ana son hoton raba keken guragu a ranakun nakasassu, 3 ga Disamba ko 31 ga Yuli, amma keken da aka ƙera don daɓen asibiti ba ya tafiya cikin rairayin ƙasar Manga, in kuma taya ta fashe babu irinta a kasuwa. Wanda nakiya ta cire wa ƙafa a wajen Bosso ko Tumur ba ƙafar roba ɗaya yake buƙata ba. Sai an gwada, an gyara, an sake, yaro kuwa duk sa'ad da ya ƙara tsawo. In kuwa sai an je wani gari neman wannan hidima, Damagaram tana nesa da Diffa da fiye da kilomita 450, Yamai fiye da 1,300. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta daɗe tana tallafa wa babban asibitin Diffa wajen yi wa masu raunin yaƙi aiki, amma a 2025 hukumomi suka umarce ta ta bar ƙasar. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan mataki, ya nuna abu ɗaya: hidimar da ke rataye da wa'adin wata ƙungiya ba ta zama haƙƙi ba tukuna. Sai ta shiga kasafin gwamnati da na ƙaramar hukuma, da ma'aikata 'yan ƙasa da aka horar.

Yarjejeniyar ta kuma wajabta shawara da nakasassu ta hanyar ƙungiyoyinsu, kuma Nijar tana da tarayyarsu ta ƙasa, FNPH. A nan ne nake ganin tsohon tsarinmu ya fi sabon wayo. Sarkin Makafi ya san mutanensa gida-gida, ya san wanda ya iso jiya, abin da rajistar ƙungiya za ta yi watanni ba ta gano ba. Kuskure ne a kira irinsa ranar biki kawai, a ba shi kujera da lemo, bayan an gama tsara komai. Amma kada a yi zaton ya wakilci kowa. Shugabannin yawanci maza ne, mazauna gari. Ina muryar mata? Ina ta kurame, in ba mai fassara maganar hannu? Mai taɓin hankali, wanda dangi suka ɗaure da mari don tsoron kada ya ɓata, ba shi da sarki ba shi da ƙungiya, kuma a ƙasar da aka ga abin da aka gani, irinsa ba kaɗan ba ne. Sashe na 12 ya ce shi ma mutum ne cikakke a gaban shari'a, a taimaka masa ya yanke hukunci, ba a yanke masa ba.

Sai ɗan gudun hijira. Gurgun da ya tsallako daga Damasak ko Malam Fatori yana zaune a sansanin Sayam, dokar nakasassu da Najeriya ta sa wa hannu a Janairun 2019 ba ta tsallako kogi tare da shi ba, wasu kuma suna ganin tanadin Nijar na 'yan ƙasa ne. Yarjejeniyar ba ta yi wannan bambanci ba. Nauyin duk wanda ke cikin ƙasa yana kan hukumar ƙasar.

Gudun ma bai ƙare ba. A Oktoban 2019 Komadugu ta yi ambaliya ta sake tayar da dubban mutane, a Yunin 2021 kuma gwamnati ta fara mayar da 'yan Barwa garinsu. Kowace irin wannan tafiya shawara ce da wani ya yanke: wa za a sanar, da wane harshe, wa zai hau mota, wa za a bari sai an dawo. Komawa gida ga mai keke tana nufin nisa da asibiti da mai gyara, zama kuma yana nufin rabuwa da dangin da ke ɗaukarsa, kuma shi kaɗai ya san wanda ya fi masa sauƙi. Kwamitin unguwa ko na sansani da ke tsara kwashe mutane, in babu nakasasshe ko ɗaya a cikinsa mai ikon cewa a'a, jerin sunayen da zai rubuta na masu iya gudu ne.